Ba Jiran Lokaci Kake Yi Ba: Sana'arka Ma Addini Ce

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, ƙasar Ghana, kuma tana ci mini rai. Yaro ya shekara huɗu a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya iya sauke injin ya mayar da shi, amma in ka tambaye shi aikin me yake yi sai ya ce: "Babu aiki, Baba, ina ɗan taɓawa ne kafin Allah ya buɗe hanya." Hanyar da yake nufi ita ce Libiya, ko Italiya, ko Saudiyya. Abin da ke hannunsa, wanda yake ci da shi, yake sai wa mahaifiyarsa magani da shi, bai kai a kira shi aiki ba a wurinsa.

Yaran nan ba su ƙirƙiro wannan tunani ba, daga bakinmu manya suka ji shi. In an tashi tara kuɗin rufin masallaci mu ce "aikin Allah". In mutum ya fita shago da sassafe mu ce ya tafi "neman duniya". Wanda ya tashi yana jin haka zai ɗauka cewa Allah yana kallonsa minti goma a sahu, sauran awa goma da yake yi a bakin keken ɗinki kuwa ba ruwan addini da su.

Ra'ayina shi ne wannan rabo kuskure ne, kuma ya yi mana ɓarna biyu. Ya sa mai sana'a yana raina abin da yake yi, ya kuma sa yana ha'inci a cikinsa ba tare da ya ji ya taɓa addininsa ba. Mafi yawan abin da za a tambayi tela ko bakanike ko mahauci a kansa ranar gobe a shago ya faru, domin a can ya ƙarar da rayuwarsa.

Dubi mai koko. Tun jiya ta jiƙa gero, ta wanke, ta haɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono ta kai niƙa, ta tace da ƙyalle, ta bar ƙullun ya kwanta ya ɗan yi tsami. Ƙarfe uku na dare tana bakin murhu. Kafin a kira asuba ta dama, man ƙosai ya yi zafi. Da wannan bokitin koko aka biya wa yara da yawa kuɗin makaranta a Zongo, wasunsu yau su ne ke hawa mumbari. Ban taɓa jin an kira aikinta aikin Allah ba, alhali ya tabbata a Bukhari cewa ba wanda ya ci abincin da ya fi wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. A Muslim kuma an ruwaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne.

Niyya ba ta ɗaure noti

Wani zai ce ai wannan sananne ne, mutum ya gyara niyya kawai, sai aikinsa ya zama ibada. Niyya ita ce farko, ba musu. Amma an mayar da ita mafaka. Mutum ya yi bisimilla ya buɗe shago, sannan ya yi aikin da shi kansa ba zai yarda a yi masa ba.

Mu ɗauki birki, tunda rai ne a ciki. Direban trotro, wato bas ɗin haya, ya kawo mota yana gaggawa, layinsa ya kusa. Takalmin birki na gefe ɗaya ya cinye. Ƙa'ida ita ce a canza hagu da dama tare, domin in ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, motar za ta riƙa fizga gefe in an taka da ƙarfi. In an buɗe bututun man birki kuwa, dole a fitar da iskar da ta shiga: mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe ƙaramin notin da ke jikin kowace ƙafa, a fara da ƙafar da ta fi nisa da tukunyar man, har sai man ya fito ba kumfa. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa in an bar ta a ciki fedar za ta yi laushi ta nutse a daidai lokacin da ake bukatarta. Aikin nan bai fi rabin awa ba. Bakaniken da ya tsallake shi ya ce wa direba "je ka, zai daidaita a hanya" ya ɗora mutum goma sha biyar ko ashirin a kan caca, a titin Techiman zuwa Kintampo wanda kowa ya san irin gudun da ake yi a kansa.

Haka notin taya. Ana ɗaure su ne a gicciye, ba a jere ba, sannan a sake bi bayan an sauke jak. Haka tayar hannu: a gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Mai sayarwa ya san wannan, mai saye sau da yawa bai sani ba. A goge ta da baƙin mai tana ƙyalli a sayar wa jahili a matsayin sabuwar shigowa, wannan shi ne algus ɗin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani lokacin da ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa. Ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Sai maganar kuɗin kaya, wadda ita ce ta fi cin mutane ba su sani ba. In mai mota ya ba ka kuɗi ya ce je ka sayo mini fulogi da matatar mai, kai wakili ne. Abin da ka saya a kai shi za ka faɗa, canji nasa ne. In kana son riba, ka sayi kayan da kuɗinka ka sayar masa a fili, ko ka ce masa kuɗin zirga-zirgata kaza ne. Amma ka karɓi kuɗin sabo ka ɗaura na hannu, ko ka wanke tsohon ka mayar, babu niyyar da za ta halatta wannan. Hanya mafi sauƙi ta wanke kai ita ce ka miƙa wa mai mota tsohon abin da ka cire tare da rasit, ko bai tambaya ba.

Wani abu da ba a cika haɗa shi da addini ba shi ne inda ake zubar da tsohon baƙin mai da ruwan batir. In an tuttule su a kwata, ruwan sama zai kai su rafi, kuma duk wanda ya ga halin da rafin Aboabo da na Subin suke ciki ya san ba sa bukatar ƙari. Durom guda a gefen shago ya isa.

Tela da watan azumi

Ba sana'ar da ake zagi a Zongo kamar ɗinki, musamman daren Salla. Yawancin telolin nan ba mugaye ba ne. Ba su yin lissafi ne, kuma suna jin kunyar cewa a'a.

Lissafin ba shi da wuya. A ce kai da yaranka kuna iya gama kaftani da wando biyu a yini, aiki mai kyau, ban da surfani. Azumi kwana 29 ne ko 30. Cire rabin yinin Juma'a huɗu, cire ranakun da wuta za ta ɗauke, cire ranar da keke zai lalace ko za a je jana'iza, ka tuna kuma mai azumi bayan la'asar ba ya aikin da yake yi da safe. Abin da zai rage bai wuce kwana 22 ba, wato kaya 44. To in ka karɓi 40 ka rufe littafi. Duk wanda ya zo bayan haka ka gaya masa gaskiya: "Yaya, kafin Salla ba zai yiwu ba, sai dai bayan Salla da mako guda." Zai ji haushi na minti biyar ya kai wani wuri. Wanda ka ce wa "in sha Allahu" alhali ka san kaya 70 ne a gabanka, shi ne zai je idi da tsohuwar riga, yaransa suna kuka, yana ambaton sunanka. Kuma ka yi amfani da sunan Allah ka rufe alkawarin da tun farko ba ka da niyyar cikawa.

Littafin ma ya kamata a tsaya a kansa. Kowane kaya ya samu shafinsa: sunan mai shi da lambarsa, yadi nawa ya kawo, ɗan ƙyallen yadin a manne da allura, awo, irin ɗinkin, jimlar kuɗi, kafin alƙalami nawa aka bayar, ranar karɓa. A karanta masa ya ji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Rabin rigimar da ake kai wa sarkin unguwa ko liman da ba ta taso ba in da an rubuta layi uku.

Sannan ragowar yadi. Turmin atamfa yadi 12 ne, rabi yadi 6. In mace ta kawo rabin turmi aka yi riga da siket ya rage yadi ɗaya, na mai shi ne. Ba a mayar da shi hular yaro a sayar, ba a haɗa shi da na wata a yi wa wani kwalliya, sai in ta ce ta bar maka. Kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kai in suka ɓata ko suka lalace a hannunsa. Shaddar da dutsen guga ya ƙona, ko aka yanka ba daidai da awo ba, biyanta ake yi. "Ƙaddara ce" ba ta sauke wannan nauyi, sai in mai kayan ya yafe da kansa.

Olonka, sikeli da wuƙa

A kasuwa kowa ya san dabarun. A buga gindin olonka, wato gwangwanin awo, ya shige ciki, a saya da babban gwangwani a sayar da ƙarami, a zuba kyakkyawar shinkafa a sama tsakuwa a ƙasa, a ɗora babban yatsa a gefen sikeli, a cusa ƙashi da kitse a ƙarƙashin tsoka a naɗe da sauri. Sura guda aka buɗe da azaba a kan wannan, Suratul Muɗaffifina: waɗanda in sun auna daga mutane sai su cika, in sun aunar musu sai su tauye. Yaranmu sun haddace ta tun suna makarantar allo. Abin da ba a yi ba shi ne a ɗauko gwangwanin a nuna musu cewa ga abin da ayar take nufi.

Fawa sana'armu ce a garin nan tun kakanni, kuma mutanen Kumasi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, sun saki jiki da naman da ɗan Zongo ya yanka. Wannan yarda amana ce. Sharaɗin yanka a wurinmu sananne ne: a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kada a ɗage hannu kafin a gama. Hadisin Muslim ya ƙara da cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Amma halal ba ta ƙare a wuya ba. Dabbar da aka ga alamar ciwo a huhunta ko hantarta, a bari ma'aikacin dabbobi ya duba, kamar yadda ake yi a mayankar Kaase, kada a yanke wurin a ɓoye. Babbaka da tsohuwar tayar mota kuma ya kamata a daina ta. Hayaƙin taya guba ne ga mai babbakar kafin kowa, yana kuma kama fatar da mutane za su ci. Gas ko itace sun fi tsada, gaskiya ne, sai a sa tsadar a cikin farashi.

Masu abinci su ma sun san nasu. A 2015 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta gargaɗi jama'a a kan manjan da ake zuba wa rinin Sudan don ya ƙara ja, rinin da ba na ci ba ne. Wadda ta san manjanta irin wannan ne ta soya wa mutane da shi, ko ta juye ragowar waakye (shinkafa da wake) na jiya da ya fara yami cikin na yau, ta san abin da ta yi ko da ba wanda ya gani.

"In na yi gaskiya yunwa za ta kashe ni"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari. Mai shago ya sayar da kaya, ya koma sari ya tarar kuɗin ba ya sayen rabin abin da ya sayar. Ga haya, ga kuɗin wuta, ga maƙwabcin da ke sayar da jabu a rabin farashinka, ga mai saye da ba ya tambayar inganci sai araha. Mai gaskiya yakan yi asara a irin wannan kasuwa, wani lokaci asara mai zafi. Duk wanda ya ce maka gaskiya kullum tana kawo riba a wannan makon bai zauna a shago ba.

Amma addini bai hana ka sayar da mai araha ba, ɓoyewa ya hana. Ka ajiye kala biyu ko uku ka kira kowanne da sunansa: wannan sabo ne na kamfani, wannan na hannu ne, wannan kwaikwayo ne ba zai daɗe ba. Mai saye ya zaɓa daidai da aljihunsa. In gero ya yi tsada, ko dai ki ƙara kuɗin koko ko ki rage ludayi a gaban idon mai saye. Bakanike ya raba kuɗin aiki da kuɗin kaya, ya faɗi kuɗin aikinsa da ƙarfin gwiwa maimakon ya rage shi don kunya sannan ya fanshe a ɓoye. Da yawa daga cikin ha'incin da ake yi asalinsa mutum ya kasa buɗe baki ya ce aikina ya kai sidi kaza. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar.

Kada kuma mu manta da abin da ya kafa Zongo. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro suna kawo kanwa, fata da tufafi, ba su da banki ba su da kotun da za ta bi musu bashi. Baƙo ya sauka gidan maigidansa, ya ajiye kaya da kuɗi, maigida ya nemo mai saye, ya tsaya a matsayin lamuni in an ba da bashi. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa Salaga da Kano, ba mai sake sauka a gidansa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da mutane suka watsu zuwa Kete Krachi, Kumasi da sauran garuruwa, abin da suka tafi da shi ke nan, da shi suka sake tsayawa a ƙasar da ba tasu ba. Malamai irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, a cikin wannan jama'a ta fatake suka rayu suka karantar.

Yau ma mafi yawan masu kawo mana aiki a Kumasi ba Musulmi ba ne. Ba za su zo tafsiri ba. Abin da suka sani game da Musulunci shi ne abin da Alhaji mai kayan mota da Hajiya mai waakye suka nuna musu.

Haƙƙin yaran shago

A nan ne nake ganin an fi amfani da addini ta hanyar da ba ta dace ba. A kawo yaro koyon sana'a, iyaye su biya kuɗin shiga, sannan ya shekara biyu yana wanke sufana, yana ɗebo ruwa, yana kai 'ya'yan masta makaranta. Yarinya a wurin madam ta zama mai wanki da raino. In sun yi ƙorafi a ce "haƙuri ibada ne, mu ma haka muka yi". Haƙuri ibada ne ga wanda ya yi shi, amma ba ya wanke wanda ya jawo shi. A Bukhari, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, bai ba shi ladansa ba. Ladan ɗan koyo kuwa shi ne ilimin.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta sa shekara 15 ko kammala karatun matakin farko (har ƙaramar sakandare) a matsayin lokacin fara koyon sana'a a wurin masta. Ta ɗora wa masta koyarwa iyakar iyawarsa, da kula da lafiyar wurin aiki, da tarbiyyar yaron, ta kuma tanadi yarjejeniya tsakaninsa da iyaye.

Abin da ya kamata a yi tun ranar farko shi ne a zauna, masta da uba ko kawu da shaidu biyu, a rubuta: shekara nawa, galibi uku ake yi, kuɗin shiga nawa, kuɗin abinci na kullum nawa, lokacin tashi, izinin salla da Juma'a da karatun dare, abin da za a biya ranar yaye, don kada a wayi gari masta ya lissafo rago da lemo da kuɗin da iyaye ba su da shi, yaro ya ƙara shekara biyu yana aikin banza. A rubuta kuma abin da zai iya a ƙarshen kowace shekara. A ɗinki, shekarar farko taka keke, kalmasa, maɓalli da guga. Ta biyu haɗa riga da sa aljihu da wuya. Ta uku awo da yanka. Yankan nan shi ne wasu ke ɓoyewa, su jira sai yara sun tashi sannan su shimfiɗa yadi, don kada yaro ya iya ya buɗe shago kusa da su. Wanda aka yaye bai iya yanka ba ba a koya masa ɗinki ba. A gareji kuma abin da ake ɓoyewa shi ne gano ciwon mota da saita lokacin injin. Arzikin masta ba ya hannun yaronsa, kuma kowa ya san mastan da ya yaye ƙwararru goma sunansa ya fi tafiya.

Yaro shi ma da nasa. Ya zo da wuri, kada ya karɓi aiki a bayan masta da kayan aikin masta, kada ya ɗauke noti da waya yana sayarwa. In ya gama ya je ya zauna jarrabawar ƙwarewa ta gwamnati ya samu takarda, domin kamfani da gwamnati ba sa ba da kwangila da "kowa ya san ni". Motocin yanzu kuma da na'ura ake karanta ciwonsu, wanda bai iya karatu ba zai tsaya a canza taya. Tunda sakandare kyauta ce tun 2017, har da makarantun fasaha, cire yaro daga aji da sunan sana'a cutarwa ce.

Salla a bakin aiki

Wasu suna cewa aikin ne ke hana su salla: kaya da datti, jama'a na jira. Baƙin mai da giris datti ne, ba najasa ba ne, ana salla da rigar da suka taɓa. Abin lura shi ne wanda ya yi kauri a fata, ko fenti, ko gam, har ya hana ruwa isa, shi ake kankarewa kafin alwala. Mahauci ne ke da aiki, domin jinin yanka najasa ne, sai ya rataye riga da wando masu tsabta a leda. A garin nan lokutan salla ba sa motsawa sosai duk shekara, magariba kullum tana wajen ƙarfe shida, don haka ana iya tsara aiki a kansu: kada ka kwance birki saura minti goma a tayar da salla, kada ka ce wa mutum ya zo karɓar kaya ƙarfe ɗaya ranar Juma'a.

Akwai kuma kishiyar wannan, wanda zai bar mai kaya a tsaye ya tafi sallar minti goma ya yi awa guda yana shan ataya a ƙofar masallaci. Suratul Jumu'a da ta ce a bar ciniki in an kira salla, ita ce ta ce in an idar a watsu a bayan ƙasa a nemi falalar Allah.

To kada a yi tafiya ke nan?

Ban ce haka ba. Mu jikokin matafiya ne. Wanda ya samu hanya ta halal da takardu ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Amma wanda ya tafi da sana'a a hannu ba ɗaya yake da wanda ya tafi hannu rabbana ba, kuma shekarun da aka yi ana "taɓawa" da rabin zuciya, ana zaman bes, wato majalisar hira, ana buga cacar ƙwallo a waya, ba sa dawowa. Saurayin da ya ɗauki aikinsa da gaske, in ya tafi ya tafi da abin sayarwa, in ya zauna ya zauna da abin riƙe gida.

Abin da nake roƙon malamanmu

Kusan kowane ɗan makaranta ya karanta a farkon Ahalari cewa bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Muna karanta tsarki da salla da ƙabli da ba'adi, kuma wajibi ne. Amma babin ciniki, ijara da lamuni yana can gaba a cikin Risala, kuma mafi yawan yara sun bar makaranta sun shiga kasuwa kafin a kai wurin. Sakamakon shi ne ɗan kasuwa ya san abin da ke warware alwala dalla-dalla, bai san abin da ke ɓata ciniki ba.

Zakkar kasuwanci misali ce. Masu shago da yawa suna ba da sadaka mai yawa amma ba su taɓa zama sun yi lissafin ba. Ka tsayar da wata guda a shekara. Ka ƙiyasta kayan sayarwa da ke shago a farashin ranar, ka haɗa da kuɗin hannu da na banki da na MoMo (asusun kuɗi na waya) da bashin da kake sa ran za a biya ka, ka cire bashin da ake bin ka. In abin da ya rage ya kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, ka fitar da ɗaya cikin arba'in. Keken ɗinki, jak, firiza da kantoci ba sa cikin lissafi, domin kayan aiki ne ba na sayarwa ba.

Ina roƙon limaman masallatan da ke cikin kasuwanni da garejoji, daga Alabar zuwa Kejetia zuwa Suame, su ware zama ɗaya a mako, minti ashirin bayan azahar, a kan hukuncin sana'ar mutanen da ke sahun. Malam ya fara zagaya shagunan ya tambaya yadda ake yi, domin ba zai iya ba da fatawa a kan kamasho ko kafin alƙalami ko cajin MoMo ba in bai san yadda suke tafiya ba. A gayyato tsohon masta mai mutunci ya zauna kusa da shi, shi ya kawo matsalar, malam ya kawo hukuncin. Mata masu abinci da masu ɗinki a yi musu nasu a makarantun Asabar da Lahadi da suke zuwa. Ƙungiyoyin teloli, mahauta da makanikai kuma su buga takardar yarjejeniyar koyon sana'a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, su ajiye a ofishinsu da wurin liman, duk uban da zai kai ɗansa ya karɓi kwafi biyu kafin ya biya ko sidi ɗaya.